Mama da Tuwon Gayya

Surukata ba ta iya zama ba. In ka ba ta kujera, sai ta ce ƙafar kujerar tana rawa, ta tashi neman abin da za ta tokare ta da shi. Ni kuwa Allah ya yi ni da son in gama aikina in miƙe ƙafa, don haka tun ranar da aka kai ni gidansu muke zaman harshe da haƙori. Ina ce mata Mama, ita kuma tana ce mini Amarya. Har na yi haihuwa ta uku ban tashi daga amarya ba a bakinta.

Mu mutanen kan duwatsu ne, can kudu da Zariya. Aiki ne ya kawo maigidana Birnin Kebbi. Kafinta ne, yana yi wa gine-ginen gwamnati ƙofofi da tagogi. Muka kama haya a Nasarawa, a wani sashe na gidan wani malami, katanga ce kawai tsakaninmu da iyalinsa. Da surukina ya rasu, maigidan ya je gida ya ɗauko Mama, 'yan shekaru kafin a karɓi mulkin kai. Ta iso da ƙunshin tufafinta da fartanyarta. Na ce, "Mama, nan fa birni ne." Ta ce ai mutanen birni ma da baki suke cin abinci.

Wanda bai san gayyar garinmu ba, ba zai gane Mama ba. A can, in mutum ya kira gayya, tun da sassafe ake cika gonarsa, maza da mata, mai kiɗa yana binsu a baya. In rana ta take sai a sauko da tuwon acca da wake mai riɗi, a zauna a inuwa. Doka ɗaya ce, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa: wanda bai riƙe fartanya ba, ba ya sa hannu a tuwon. Ko ƙanin mai gona ne, in ya iso bayan an tashi, sai dai ya zauna gefe ya haɗiyi yawu. Mama ta girma cikin wannan, kuma ta yi suna a ciki. Tsofaffin garinmu sun gaya mini a zamaninta ba namijin da yake riga ta kai bakin gona, kuma ba ta taɓa cin lomar da ba ta yi wa gumi ba. Ita ma takan faɗi haka da bakinta, ba sau ɗaya ba.

Da girmanta ta karɓi Almasihu, aka yi mata baftisma a rafin bayan garinmu. Ta ba da gaskiya da zuciya ɗaya, wannan ba ni da shakka a kai. Sai dai ta shigo da fartanyarta har cikin ikilisiya. A Birnin Kebbi a lokacin mu masu bi ba mu da yawa, ma'aikata ne da 'yan tireda daga ƙasashenmu, muna taruwa a wata rumfa. Mama ce mai sharar rumfar, ita ce mai cika randa, ita ta yi mata daɓe da hannunta. Ba mu da fasto zaunanne, wani dattijon fasto ne yake zagayowa daga nesa jefi-jefi, kuma sai ya zo ake cin Jibin Ubangiji, wato burodi da ƙoƙon da masu bi suke karɓa don tunawa da mutuwar Almasihu. In aka ji labarin zuwansa, Mama takan ninka aiki. Ta share inda ta riga ta share, ta wanke tabarmin da ba su yi datti ba. Ran Jibi ta zauna a gaba, ta miƙa hannu ta karɓa kanta a miƙe. Mu duka muna yaba mata, ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da take nufi da wannan aikin.

Uwar malamin da muke haya a gidansa, wadda kowa ke ce wa Inna, ita ce ta zama ƙawar Mama. Sa'o'in juna ne, kuma bakinsu ɗaya wajen kaifi. Inna tana zaune cikin gida da carbinta da jikokinta, Mama kuwa ba ta san kulle ba. Ran da Mama ta roƙe ta a sam mata 'yar gona a fadama, Inna ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke tsohuwag ga, mi kika so da gona? Ɗanki shina aiki, shina kawo abinci. Zamna ki huta mana."

Mama ta ce, "In na zauna, wa zai ci da ni?"

"Allah," in ji Inna.

"Allah ya ba ni hannu," in ji Mama.

Aka yanka mata wani yanki a gonar malam, a fadamar da ke ƙasan gari ta wajen hanyar Zauro. Ba ta taɓa noman shinkafar ruwa ba, amma ta tsaya ta kalli yadda ake yi, ta yi. Kullum da safe ta saɓa fartanya ta gangara, matan unguwa suna leƙenta ta zaure.

A daminar shekarar 'yancin kai, tana cikin cire ciyawa kafin ruwan gulbi ya hau, ta faɗi. Manoman da ke kusa ne suka ɗauko ta a kan jaki. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, hannu da ƙafa, bakinta ya ɗan karkace. Magana ta dawo bayan 'yan kwanaki, da hankalinta garau, amma hannun bai dawo ba. Mai duba marasa lafiya ya ja maigidan gefe ya ce masa irin wannan ciwo yakan sake dawowa, in ya dawo kuma ba ya barin mutum. Ran da 'yan makaranta suka zaga gari da 'yan tutoci ana murnar mulkin kai, Mama tana kwance a tabarma tana jin ganguna. Ta tambaye ni me ake yi, na ce mun sami 'yanci. Ta ce to madalla, a miƙo mata buta.

Abin da ya fara tayar mini da hankali shi ne abinci. In na kai mata tuwo sai ta gutsiri loma biyu ta ture kwanon. Na ɗauka ciwo ne ya kashe mata baki. Na yi kunun tsamiya, na yi faten wake, na sayo furar Fulani mai kyau, duk labarin ɗaya. Sai wata rana na matsa mata, ta ce da ni da yarenmu, "Wanda ke kwance, abin riƙe rai ya ishe shi. Sauran na masu aiki ne." Ta rame har wuyanta ya fito. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Sannan labari ya zo cewa fasto zai zo bayan an yanke shinkafa. Wannan karon ƙarfinsa ba zai kai shi wurare biyu ba, a Argungu zai tsaya, mu na Birnin Kebbi mu same shi can. Maigidan ya shigo da murnarsa ya ce, "Mama, zan nemo miki wuri a gaban mota, mu je ki ci Jibi."

Ta ce, "Ku je ku dawo lafiya."

"Har da ke za mu."

"Da me zan je? Wa ya share rumfa tun da na kwanta? Wa ya ɗebo ruwa? Ba ni ba ce. Ba zan sa hannu a tuwon Ubangiji ban yi masa aikin komai ba. Ban yi wa mutum haka ba, ba zan fara da Allah ba."

A nan ne muka gane abin da ke cinta. Duk shekarun nan Mama ta ɗauki Jibin Ubangiji tuwon gayya ne. Tana ganin Allah ya kira gayya, ta amsa, tana aiki tana ci. Yanzu da hannu ya mutu, a ganinta an fitar da ita daga gayya, kuma in mutuwa ta same ta a haka, gefe za a zaunar da ita. Ba taurin kai kaɗai ba ne, tsoro ne. Na gan shi a idonta, kuma ban taɓa ganin Mama da tsoro ba sai ranar. Maigidan ya fita ya zauna a bakin ƙofa. Ya san in wannan Jibin ya wuce ta, da wuya ta ga wani.

Daga ranar ya ɗaura ɗamara. Shi ba mai wa'azi ba ne, karatunsa ma a hankali yake yi, yana bin layi da yatsan da guduma ta fasa wa farce. Amma kullum in ya taso aiki da la'asar, sai ya wanke hannu ya ɗauko Littafi Mai Tsarki ya zauna gefen tabarmarta. Ya ce zai nuna mata tun daga farkon Littafin har ƙarshensa, ba inda Allah ya sayar da ceto, kyauta yake bayarwa saboda alherinsa. Ni ina gefe ina tsince shinkafa, ina jinsu.

Ya fara da Ibrahim. Ya ce Allah ya yi masa alkawari, ya gaskata, Allah ya karɓe shi a kan wannan gaskatawar tun bai yi wani abin a zo a gani ba. Mama ta ce, "Ba shi ne ka ce ya bar garinsu ya yi ta tafiya ba? Tafiya ma aiki ce." Ya kawo labarin bayin da aka fitar daga Masar, teku a gabansu, dakaru a bayansu, aka ce su tsaya cik su ga ceton Allah. Ta ce, "Da aka buɗe tekun, ɗaukarsu aka yi ko da ƙafarsu suka ƙetare?" Ya kawo na gurgun nan, ɗan aminin sarki Dauda, da sarkin ya sa aka nemo, ya zaunar da shi a teburinsa yana ci tare da 'ya'yan sarki har ƙarshen ransa. Na ce a raina yau kam an kama ta, ga gurgu ga abinci. Mama ta ce, "Wannan albarkacin ubansa ya ci. Ni ubana bai san Dauda ba." Maigidan ya ce ai mu ma albarkacin wani muke ci, albarkacin Yesu. Ta ce ta ji, a rage mata hasken taga.

Misalin mai gonar da ya biya ma'aikatan yamma daidai da na safe kuwa, ɓata mata rai ya yi. Ta ce da a garinmu ne, ba mai sake zuwa masa gayya. Kuma ko na yamman ai sun riƙe fartanya. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya kawo mata ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu, wanda hannuwansa duka biyu suna kafe, ba abin da zai iya yi sai roƙo, aka kuwa yi masa alkawarin Firdausi a ranar. Mama ta juyo ta dube shi da idon nan nata. "Ni za ka haɗa da ɓarawo? Ni da na haife ka?" Dariya ta kuɓuce mini, na gudu madafa. Da na dawo na tarar ya rufe Littafin ya dafe kai, sai tausayinsa ya kama ni.

Ana nan aka shiga yankan shinkafa. Malam ya kira mutanensa, suka yanke gonarsa, suka haɗa har da yankin Mama, suka sussuke suka kawo mana a buhu har ƙofar ɗaki. Mama ta ce a mayar, na waɗanda suka yanka ne. Ban san yadda zan kai wannan saƙon ba, amma katanga ba ta riƙe magana. Kafin la'asar sai ga Inna ta shigo da sandarta, ta zauna a bakin tabarmar ba tare da an ce ta zauna ba.

"Anka ce kin ce a mai da shinkahwa. Wa za a maida ma? Ɗiyana sunka yanke don Allah, ba don ki biya su ba."

"Ban yanka ba, Inna."

"To, ba ki yanka ba. Ruwan da yac cika hwadama, ke kika zuba shi? Ke dai ciwon hannu bai dame ki ba kamar ciwon girman kai. Ni dai na hwaɗa miki, in kin so ki yi hushi."

Mama ta yi fushin kuwa, ta juya wa bango fuska. Inna ta ci gaba da zamanta tana jan carbi, ta ɗauki mafici tana kore mata ƙuda har aka kira magariba. Buhun ya zauna a inda aka ajiye shi, ba a mayar ba, ba a kuma buɗe ba.

Abin da ya faru bayan wannan, ba dabarata ba ce, kuma ba na so a ba ni ladan hikimar da ba ni da ita. Fushi ne kawai. Ina da jaririya a lokacin, 'yar wata biyar ko shida. Wata safiya ina daka, ga wanki jibge, ga kunun Mama da na dama ya huce a gabanta ba ta taɓa ba, sai yarinyar ta farka ta fara tsala kuka. Na ce bari in ƙarasa turmin nan. Mama ta ɗaga murya daga ɗaki.

"Amarya, ba kya jin yarinyar nan? Ajiye taɓaryar ki ba ta nono."

Zuciya ta ɗebe ni. Na jefar da taɓarya na tsaya a bakin ƙofa na riƙe ƙugu. Na ce, "Ba zan ba ta ba. Wace gona ta nome? Tun da aka haife ta kwance take, sai ci sai kashi. A gidan nan ai an ce wanda bai yi aiki ba, ba ya ci."

Mama ta yunƙura kamar za ta tashi. "Ke kina da hankali kuwa? 'Yar gayya ce ita? 'Yar gida ce. Ɗan gida ba ya noma kafin ya ci. Don an haife shi yake ci."

Ta faɗa da ƙarfi, irin yadda take kashe bakin kowa. Ina jiran sauran faɗan, sai na ji shiru. Bakinta yana buɗe kamar akwai maganar da ta rage, amma ba ta fito ba. Ni ma sai a lokacin na ji abin da muka faɗa mu biyu. Na ɗauki yarinyar na zauna a ƙasa kusa da tabarmar na ba ta nono. Mama ta zuba mata ido tana tsotso, ta kai hannunta mai lafiya tana shafa 'yar ƙafar. Ba ta sha kunun ba, amma ba ta ce in ɗauke ba.

Da maigidan ya dawo ya ɗauko Littafin kamar kullum, ta ce kada ya buɗe tukuna. Ta ce, "Tambayarka zan yi, kuma kada ka zagaya da ni. A cikin Littafin nan, me aka ce mu ne a wurin Allah? 'Yan gayya ko 'ya'ya?"

Ya ce, "'Ya'ya, Mama."

"A wuri ɗaya aka faɗa, ko ko'ina?"

Ya ce tun suna bauta a Masar, kafin a ba su doka ko ɗaya, Allah ya kira mutanen nan ɗansa. Annabawa suka zo suka ce shi ne ya koya musu tafiya, ya sunkuya ya ba su abinci, su kuwa suna ta guje masa. Yesu ya ba da misalin yaron da ya lalatar da gadonsa ya dawo da niyyar roƙon a ɗauke shi ɗan ƙodago, uban bai ma bari ya kai ƙarshen maganar ba, ya sa aka yanka masa maraƙi. Manzanni kuma suka rubuta cewa wanda ya gaskata ba bawa ba ne kuma, ɗa ne. Bai buɗe shafi ko ɗaya ba, duk da ka ya faɗa, ni kaina ban san ya riƙe su haka ba.

Mama ta ce, "To gonar fa? Ai dole wani ya nome ta."

"Yesu ya nome."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai, a kan gicciye. Da ya gama ya ce an gama."

"Bai rage wa kowa ko layi ɗaya ba?"

"Ko ɗaya."

Ta ɓata fuska, kamar wadda ta iso gona ta tarar an tashi. "To sharar da na yi ta yi fa, da ruwan da na ɗebo? A banza?"

Ya ce, "Ba a banza ba. Da nake yaro ina bin ki gona da 'yar fartanyata, don ita kike ba ni tuwo?"

"Kai da kake tuge mini wake kana cewa ciyawa ce?"

"Amma kina jin daɗi in na biyo ki."

Ta ce a gyara mata matashi. Kwanakin da suka biyo baya ba ta sake tayar da maganar ba, mu ma ba mu taɓa ta ba, kuma cin abincinta bai ƙaru da wani abin kirki ba. Sai ana jibi tafiya ta ce in wanke mata farin zanenta. Ba ta ce za ta ci Jibi ba, ta dai ce tana so ta ga Argungun nan da ake faɗa.

Maigidan ya roƙi direban wata babbar mota mai ɗauko albasa ya ba ta wuri a gaba. Ni da yara muka hau baya tare da sauran masu bi. Hanyar ba ta da kyau, duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar a jikinta na ji shi. Muka shiga Argungu da hantsi, ƙamshin bandar kifi ya tare mu tun daga bakin gari. A gidan wani ɗan ƙasarmu mai aikin gwamnati ake taron, an kafa rumfar zana a tsakar gida, maza a gefe ɗaya, mata a gefe ɗaya. Maigidan ya goyo Mama daga mota har rumfar, tana ce masa ya bi a hankali kada ya zubar mata da mutunci. Aka jingina ta da ginshiƙi, na zauna a damanta.

Faston ya tsufa fiye da yadda na san shi, muryarsa ba ta kai ƙarshen rumfa. Aka yi waƙa, ya yi gajeren wa'azi, ya yi addu'a a kan burodi da ƙoƙon soɓorodo, don shi muke amfani da shi a lokacin. Wani dattijon ikilisiya ya ɗauki farantin yana bin layi, kowa yana miƙa hannu ya ɗauki gutsure. Ni ban ji komai na wa'azin ba, idona yana kan Mama.

Farantin ya iso gabanta. Ta dubi hannunta na dama yana kwance a cinyarta. Na ga kafaɗarta ta motsa, tana ƙoƙarin ɗaga shi, ko gezau. Na hagun ya taso kaɗan, ya tsaya, sai ta mayar da shi ƙarƙashin zane. Duk shirin da muka yi, ba wanda ya yi tunanin wannan a cikinmu. A garinmu, da Kebbi, da duk inda na sani, ba a karɓar abu daga hannun babba da hagu. A gida da hagun take ɗan cin abin da take ci, amma wannan teburin Ubangiji ne. Na san Mama, gara ta koma Birnin Kebbi haka nan da ta miƙa masa hagu.

Dattijon ya tsaya da faranti bai san abin yi ba. Matan da ke bayanmu suka fara leƙe. Na hango maigidan ya ɗan taso daga zaune, fuskarsa kamar zai yi kuka. Na ce a raina shi ke nan, mun sha wahalar banza.

Sai na ji an zungure ni. Mama ce, ta miƙo hagun ta taɓa gwiwata.

"Amarya, me kike jira? Ba ni mana."

Ta ɗaga haɓa ta buɗe baki.

Na ɗauki gutsuren na sa mata a harshe. Ta rufe ido tana taunawa a hankali. Da ƙoƙon ya zo na tallafi ƙeyarta na kafa mata, ta kurɓa, kaɗan ya zubo ta gefen da ya karkace, na goge da bakin zanena. Matar da ta yi shekaru tana zagina a kan rashin iya riƙe tsintsiya, ga ta yau tana karɓa daga hannuna a gaban jama'a, ko kunya ba ta ji ba. A wannan lokacin na san ina ƙaunarta, ban kuwa taɓa sanin haka sosai ba. Shi ne Jibinta na ƙarshe, ciwon ya dawo kafin damina.

Bayan an tashi, matar gidan ta fito da shinkafa da miyar kifi, aka zazzauna ci. Na zuba wa Mama ɗan kaɗan kamar yadda na saba, don kada a yi asara. Na juya ina ba yara nasu. Da na waiwayo kwanon ya zama fayau, har ta suɗe gefensa. Ta turo mini shi da yatsa.

"Akwai saura? A ƙara mini. A sa mini kan kifin."

Tun da na san ta ban taɓa jin ta roƙi ƙari ba, ko na ruwan sha. Na ɗauki kwanon na nufi madafa, amma ban kai ba. Na tsaya bayan rumbu na yi ta kuka, har matar gidan ta same ni a can, ta karɓi kwanon daga hannuna ta cika shi ba ta tambaye ni komai ba. Na share fuska na koma na ajiye a gaban Mama.

Ta dube ni, ta dubi kwanon, ta jawo shi kusa. Ta ce, "Kin daɗe."